Tubali ko Bulo? Tsohuwar Gardama a Ƙasar Magariya da Dungas

Duk shekara, da zarar ruwan watan Agusta ya kankama, akwai gardamar da ke tashi a kowace fada ta matasa daga Magariya har Dungas: gidan ƙasa ne ya fi, ko gidan siminti? Ana jiran shayi na biyu ana musu. Wannan ya ce gidan ƙasa kabari ne mai ƙofa, ruwan dare ɗaya ya isa ya danne mutum yana barci. Wancan ya ce ai zauren gidansu ya girmi ubansa, ga shi nan tsaye, alhali shagon bulo da aka gina bara a bakin tasha har ya tsage. Kowa da hujjarsa, kuma kowa abin da idonsa ya gani yake faɗa. Sai dai ana wannan musu kamar gidan ƙasa abu guda ne tun fil'azal, gidan siminti ma abu guda. Ni da na bi tarihin abin, sai na ga gidajen da muke kira "na da" iri-iri ne, kuma babban canjin da aka samu a ƙasarmu ya fi shafar mutanen da ke cikin gida fiye da abin da aka yi bango da shi. Shi nake so mu duba tare, ƴan uwana ɗalibai, tunda nan da shekara goma, in Allah ya kai mu, mu ne masu gini.

Mu fara da ƙasar kanta. Mafi yawan gundumomin Magariya da Dungas jigawa ce, rairayi mai son gero da gyaɗa da wake. Rairayi kuwa ba ya gini. Ƙasar da ke kama jikinta, mai yumɓu, sai an gangara kwari ko bakin fadama irin na yankin Korama, ko kuma an haƙa rami an wuce rairayin sama. Saboda haka in muka ce "gidan kakanninmu", kada mu ɗauka kowa a soro yake kwana. Manomin ƙauye ɗakin kara yake yi, ya ɗora masa jinka, ya kewaye gida da darni ko zana, rumbu a gefe. Gida ne da mutum da ƴan uwansa za su tayar cikin kwanaki kaɗan bayan kaka, da abin da gona da daji suka bayar. Yana da sanyi, yana shan iska, amma gara na cin sa, kuma in gobara ta kama lokacin hunturu, unguwa guda kan tafi. Babu wanda ke cikin fada yana kewar wannan gidan, ko da yake har gobe shi ne matsugunin mutane da yawa a ƙauyukan Malawa da Dogo-Dogo da Sasumburum.

Soro na masu hali ne: sarki, attajiri, babban malami. Kuma muna da inda muka gaje shi. Dungas da Waca da Mirya tsofaffin sarautun Sosebaki ne, da suka daɗe a inuwar Barno kafin Damagaram ta yi ƙarfi ta rinjaye su. Magariya kuwa tana cikin wuraren da zuriyar sarakunan Haɓe na Daura suka kafa sarauta bayan jihadi ya fitar da su daga birninsu a farkon ƙarni na 19, tare da Zango da Ɓaure. Ke nan muna tsakanin makarantun gini biyu, Daura da Kano ta kudu, Damagaram ta arewa. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, kuma a zamaninsa garin ya cika da ayarin fatake masu zuwa Agadas da Tarabulus. Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan Birni ya ga abin da kuɗin wancan zamani ya bari: fuskar gida da zane, zankwaye a saman soro, zaure mai faɗi. Hakimi ko attajirin ƙasarmu da ya je gaisuwa ya dawo, irin wannan yake so a yi masa.

To ya ake yin sa? Nan ya kamata mu tsaya, domin mafi yawanmu mun girma ba mu taɓa ganin an yi tubali na gaskiya ba. Ana haƙo ƙasa a rani, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, wani lokaci da kashin doki ko na jaki, a tattaka da ƙafa. Ba ranar ake aiki da ita ba. A bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakawa, har sai ta yi danƙo. Sannan a murza tubali da hannu, gindinsa da faɗi kansa a tsuke kamar ƙwai, a shanya shi ya bushe ƙamas. Wurin gini, mai miƙo yana jefa wa magini ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana zaune bisa bango yana jera su a tsaye, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ba a tayar da bango rana ɗaya. A yi sahu kaɗan a bari ya sha iska, gobe a ɗora. Gindin bangon yana da kauri ƙwarai, yana sirancewa yayin da yake hawa sama, shi ya sa nauyinsa ke zaune a ƙasa.

Rufi kuwa da azara, wato itacen giginya da aka tsaga. Abin da ya sa aka zaɓe ta, tana da tauri kuma gara ba ta cika samun ta ba. Amma azara guda ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin mita biyu, don haka ɗakunan da suke ƙanana. In ana son babban zaure sai gwanaye: su jera azara a cikin bango suna turo ta gaba kaɗan-kaɗan, suna ɗaure ta suna lulluɓe ta da ƙasa, har ɓangarori biyu su haɗu a sama su yi bakan gizo. In bakuna suka gicciye juna aka yi tulluwa a kai, shi ne daurin guga. Bayan an shimfiɗa azara sai zana, sai ƙasa, sai a daddaɓe. Daga nan maganar kariya daga ruwa. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana kwaɓa ta da ƙasar yaɓe ta hana ruwa shiga. Mai kuɗi kuma ya sa a yi masa laso, haɗin katsi na ramin marina da gashin jima da dafara. Ka lura da wannan jeri: sai da marini, sai da majemi, sai da mai ɗorawa a gona, kafin rufin attajiri ya daina yoyo. Sana'o'in gari duka suna cikin bangon. A manyan biranen ƙasar Hausa har sarauta gare su, Sarkin Magina, kuma sana'a ce ta gado, yaro yana fara ta da miƙa tubali.

Irin wannan gida yana da wata baiwa da kowa ya sani a jikinsa ko bai karanta kimiyya ba. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya barin sa ya kai ciki sai bayan sa'o'i, lokacin da gari ya yi sanyi. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a jiharmu, tsoho na iya yin ƙailula a zaurensa ba fanka. Da hunturu kuma bangon ya mayar wa ɗaki ɗumin da ya tara. Wannan ba a musu a kai.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma shi ne zuciyar maganata. Gidan ƙasa ba a gama ginin sa. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, sai an hau soro an cire ciyawar da ta tsiro, an toshe tsaga, an duba indararo ko ya toshe ko ya goce, an ƙara ƙasa a gindin bango inda ruwan bara ya zaizaye, an sake yaɓe. In aka tsallake shekara guda, ba komai. In aka tsallake uku, ruwa ya sami hanya. Wa ke wannan aiki a da? Gandu. Uba da ƴaƴansa da ƙannensa suna gona ɗaya, suna tukunya ɗaya, da rani kuma suna gida ba aikin gona. In aikin ya fi ƙarfinsu a kira gayya, a dama fura, samarin unguwa su zo su gama cikin yini. Wato kuɗin gidan ƙasa da ƙarfi ake biyan sa, kashi-kashi, duk shekara har abada. Zauren da abokinmu ke alfahari ya girmi ubansa, ai yaɓen shekara saba'in ne a jikinsa. Hannun da suka yi yaɓen su ne ƙarkon nasa.

Wani tsohon magini a unguwarmu, da na tambaye shi, "Baba, me ya sa sorayenku ke daɗewa namu na faɗuwa?", dariya ya yi ya ce in ƙirga masa samarin da ke kwana a gidanmu a watan Maris. Na ƙirga, ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Saura suna Kano, suna Legas, ɗaya yana Libiya, mu kuma muna lakwal.

Yaushe abin ya fara sauyawa? Turawan Faransa sun kama Damagaram a 1899, tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji ana kafa alamun iyaka tsakaninsu da Ingila, iyakar da ta bar Magariya a wannan gefe, Ɓaɓura da Maigatari a wancan. Su ma Turawan da ƙasa suka yi yawancin gine-ginensu na farko, da ƙarfin talakawa na aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. A zamaninsu ne bulon ƙasa mai kusurwa huɗu, wanda ake zubawa a akwatin katako, ya fara ture tubali. Yana da sauri, kowa na iya yin sa, bango na miƙewa sak. Sai dai da shi bango ya fara sirancewa, domin bulo ɗaya a kwance ya isa a ce an yi ɗaki. Yawancin abin da muke kira "tsohon gidan ƙasa" yau, wannan ne, jikan tubali ne ba tubali ba.

Sai gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, kuma ƙasarmu ta zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan gyaɗar Nijar. Bayan samun ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 don sayen ta, har masana'antar matsar mai aka yi a Magariya. Gyaɗa ta sa kuɗi a aljihun manomi a lokaci guda, bayan kaka, kuma hanyar da ta fita ita ce hanyar da kwano ya shigo. Kwano ya warware wa mutane matsala ta gaske: ba hawa soro duk shekara, ba neman azara, ba tsoron gobara kamar na jinka. Kuma ana jin ƙararsa in ana ruwa, maƙwabta su san an samu. Kuɗin gyaɗar nan ya taɓa gandu ma, domin saurayin da ya noma gayaunarsa ya sayar ya fara tunanin ɗakin kansa. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta kama gyaɗa a 1975, suka karya wannan kasuwa, sai farin 1984 ya ƙarasa. Daga nan ci-rani ya tashi daga abin da wasu ke yi ya zama abin da kusan kowane gida ke rayuwa da shi. Watannin da ake yaɓe su ne dai watannin da samari ba sa gida.

Itacen ma ya yi wuya. Giginya ba ta girma da wuri, manyan dazuzzukanta a Nijar suna can yankin Gaya, kuma sare ta sai da izinin ma'aikatan daji. Gaskiya ne tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Magariya da Matamaye da Mirya sun mayar da gawo cikin gonakinsu har duniya ta zo kallo, amma gawo na gona ne da dabbobi, ba ya maye gurbin azara a rufi. Marina sun ragu, katsi ya ɓace. Ko mutum na son ya gina irin na kakansa yau, rabin kayan babu su a kasuwa.

Siminti ya zo ya tarar da wannan giɓi. Masana'antar Malbaza ta fara aiki a shekarun 1960, amma Malbaza na da nisa da mu, Kano ta fi kusa. A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya sa Najeriya haukan gini, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas. Ƴan ci-raninmu su suka yi leburanci a waɗannan gine-gine, suka koyi buga bulo, suka dawo da sana'ar da sha'awar. A gida kuma kuɗin yuraniyom na zamanin Kunce ya sa gwamnati ta yi azuzuwa da ɗakunan shan magani da siminti. Yaron da ya tashi ya ga lakwal da asibiti da gidan komanda duk na siminti, bukkar uwarsa ta kara, ba sai an gaya masa wanne ne ci gaba ba. Har harshen ma'aikata ya tabbatar masa: gini na siminti shi ne "dur", mai ƙarfi, na ƙasa kuma "banko".

Siminti na da gaskiyarsa. Yarjejeniyarsa ita ce ka biya da kuɗi sau ɗaya, ka huta shekaru. Ga gidan da mazansa ke tafiya wata shida, mata da tsofaffi da yara ne a ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ke Legas yana iya aiko kuɗin buhu goma, ba ya iya aiko hannunsa.

Sai dai yarjejeniyar tana aiki ne in an biya cikakke, mu kuwa nan muke ha'inci. Buhun siminti kilo 50 ne. Mai gida yana so ya ga bulo da yawa, mai bugawa yana so a ce yana da auki, sai a ƙara rairayi har bulon ya zama in ka goga da yatsa yana zuba. Siminti kuma ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, da ruwa yake nuna. Ana so a riƙa shayar da bulo aƙalla mako guda, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. A garin da ake sayen ruwa jarka-jarka, wa zai shayar da bulo mako guda? A buga yau, rana ta ƙona shi gobe, jibi a ɗora. Tushe kuma a haƙa taƙi biyu cikin rairayi, rodi a sa siriri ko a tsallake, ɗaurin da ke kewaye bango a saman taga a ce sai an samu hali. Araha ba ta ado. Na ga gidan da aka tare a cikinsa da kaka, kafin kaka ta zagayo tsaga ta tashi daga kusurwar taga har ƙasa. Kuma bambancinsa da ƙasa, tsagar bangon ƙasa yaro ma na iya cike ta da abin da ke bayan gida, ta bulo sai ka koma kanti.

Zafi kuwa, wallahi kowa ya sani. Bulo mai rami a ciki, sirara, kwano a kai ba silin, taga ƙarama ta ƙarfe: da azahar a watan Mayu ɗakin tanda ne. Shi ya sa za ka ga mai sabon gida ya kashe miliyoyi, amma shi da iyalinsa a tsakar gida suke kwana rabin shekara, da rana kuma yana rumfar zana da ya kafa a ƙofa. A yi silin, a ɗaga bango, a yi tagogi masu fuskantar juna, abin zai ragu. To amma waɗannan su ne ake fara yankewa in kuɗi ya gaza.

Akwai na tsakiya, wanda ya fi yawa a garuruwanmu: bangon ƙasa, rufin kwano, a shafe waje da siminti. Dabara ce mai kyau a ido, amma tana da mugun hali. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai, kuma ba sa buɗewa da tsukewa tare in zafi ya canza. Damshin da ke tasowa daga ƙasa, wanda da zai fita ta jikin bango ya bushe, sai shafen ya tsare shi a ciki. Daga waje gida fes, a ciki bango na narkewa, gara na aikinta ba mai gani. Ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara kamar ganga. Tsohon yaɓen ƙasa in ya lalace yana nuna maka, wannan kuwa ɓoyewa yake har ranar da zai zube gaba ɗaya.

Yanzu mu zo damanar 2024, domin ita ce hujjar da masu goyon siminti ke rufe baki da ita, kuma hujja ce mai nauyi. A lissafin hukuma kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, abin ya shafi kimanin miliyan ɗaya da rabi, jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Mu ɗalibai ba za mu manta ba, saboda sai 28 ga Oktoba aka koma makaranta. Mutane da yawa bango ne ya faɗa musu, kuma yawancin bangayen nan na ƙasa ne. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya zube. Shekara guda kafin nan, a Agustan 2023, wani ɓangare na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata. In aikin gwanayen gwanaye zai faɗi, ina ga ɗakin da aka yi da bulo ɗaya? Duk mai kare gidan ƙasa da bai kalli wannan ido da ido ba, yana kare hoto ne, kuma ba shi zai kwana a ƙarƙashinsa ba.

Amma a tambayi yadda gidajen ke faɗuwa. Ruwan sama da ke dukan bango yana cin sa a hankali, shekara da shekaru. Mai kisa shi ne ruwan da ya kwanta a gindi. Ƙasa in ta jiƙa kwana biyu tana komawa taɓo, nauyin sama ya durƙusar da ita. A tsohon tsarin gari, ramin da aka haƙi ƙasar gini shi ne kududdufi, shi ke karɓar ruwan unguwa, kuma gida na kan tudu. Yau fa? Ƙidayar 2012 ta sami sama da mutum rabin miliyan a gundumar Magariya, sama da 350,000 a Dungas, wadda aka cire daga Magariya a 2011, kuma tun daga nan ƙaruwa muke. An cike kududdufai da shara an yanka filaye a kai. An gina kwari. Mai kuɗi ya ɗaga tushensa ya yi dakalin siminti, ruwan da da zai ratsa ta wurinsa ya juya ya kwanta a gindin bangon maƙwabcinsa talaka. Wani lokaci sabon gidan ne ke kayar da tsohon.

Ta fuskar kuɗi kuma, in za a sayar ko a ba da haya, siminti ya yi nasara tuntuni. Malamin da aka turo aiki Dungas ko Bande gidan siminti zai nema. Mai saye in ya zo tsohon gida fili yake tayawa, ginin ma kuɗin rushewa yake lissafa masa. Har wurin neman aure ana tambaya. Wannan daraja ce ta gaske, ba zan raina ta ba. Sai dai farashinta ba a hannunmu yake ba. An rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Kowane karo kayan da ke bi ta Tinkim da Maigatari sun yi wuya, gine-gine suka tsaya a iya taga. A Oktoban 2024 gwamnati ta rage farashin siminti bayan ambaliya, mutane suka ji daɗi, amma wannan ma ya nuna cewa a Yamai ake yanke ranar da za ka rufe ɗakinka. Ku zagaya bayan gari ku ƙirga kangayen bulo da suka shekara biyar ba rufi, awaki na kwana ciki. Kuɗin ci-rani ne na shekaru a tsaye yana shan rana.

Wani abu kuma da ba ya shiga lissafi: zaure. Sabon gida ƙyauren ƙarfe ne, sai tsakar gida, sai falo. Baƙon da ba muharrami ba ko ya tsaya a titi ko ya ratsa mata. Almajiri, matafiyin da dare ya yi masa, masu zaman makoki, karatun dare, duk a zaure ake sauke su. Ba siminti ya hana a yi zaure ba, tsadar fili ce da kwaikwayon zanen gidajen da aka yi wa wasu mutane masu wata rayuwa.

Ba mu kaɗai ke wannan lissafi ba, kuma wasu sun yi nisa. A Yama ta jihar Tawa, Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin ƙasa a 1962 wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Cikal ta yankin Filinge, tun 1980 aka fara koya wa magina rufin tulluwa da bulon ƙasa zalla, ba azara ba kwano. Ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 a Yamai, da masallaci da ɗakin karatu a Dandaji, da bulon ƙasa da ake matsewa a inji a sa masa siminti ɗan kaɗan. Ba su koma tubali ba, ba su kuma bi bulon kasuwa ba.

In ni za a tambaya, a ƙasarmu ta yau, buhunan simintin da mutum ke da su ya fara zuba su inda ruwa ke kisa: tushe mai zurfi, da sahu uku ko huɗu na bulo mai kyau da zai ɗaga bango sama da inda ruwa ke kwanciya. Daga nan zuwa sama ƙasa mai kauri ta isa, in an sami ta kirki aka ba ta lokacinta. Rufi ya zarce bango ya zubar da ruwa nesa, a sa silin ko da na zana ne. Yaɓe a yi shi da abin da ke barin bango ya yi numfashi. Kafin duk wannan kuma, a je a ga filin a watan Agusta, ba a watan Maris da dillali ke kai mutane ba. Wanda kuma ya san ba mai hawa masa soro, shi da ƙannensa duk suna waje, to ya yi na siminti, amma ya tsaya a kan mai buga bulo, ya sayi ruwan shayarwa kamar yadda ya sayi buhun, ya haƙura da ɗaki biyu masu kyau maimakon huɗu na rairayi.

Maginan da suka iya daurin guga a garuruwanmu tsofaffi ne, ƴaƴansu kuma bulo suke bugawa ko kabu-kabu. A hutun nan ni da abokai biyu mun shirya za mu bi tsofaffin zaurukan Magariya da Waca da igiyar awo, mu rubuta kaurin bango da faɗin ɗaki, mu tambayi masu gida inda aka haƙo ƙasar da shekarar da aka yi yaɓen ƙarshe. Mai son zuwa daga Dungas ya yi magana da masu haɗa wannan ɗan littafi, muna neman wanda ya san gidajen can.